An kori maigidana daga aiki, majalisa za ta iya mayar da shi?

Wata baiwar Allah ce daga Gwagwalada ta rubuto. Ta ce mako shida ke nan da aka sallami maigidanta daga wata hukumar gwamnatin tarayya, bayan shekara 14 yana aiki. Takardar tuhuma ɗaya aka ba shi, ya amsa, sai kawai ga takardar kora, ba a taɓa zaunar da shi gaban wani kwamiti ya kare kansa ba. Maƙwabta suna cewa su kai kuka Majalisar Tarayya. Tana son ta san ta ina ake farawa, nawa ake biya, kuma idan majalisa ta ce a mayar da shi, dole ne hukumar ta bi?

Malama, Allah ya kawo mafita, ya ba ku haƙurin wannan jarrabawa. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, don a kanta sauran suka rataya. A'a, ba dole ba ne. Abin da majalisa ke fitarwa a ƙarshen koke ƙuduri ne. Ƙuduri magana ce mai nauyi, amma ba doka ba ce, ba kuma hukuncin kotu ba. Doka sai ta bi karatu uku a kowane zaure, na Dattawa da na Wakilai, zaurukan biyu sun amince, shugaban ƙasa ya sa hannu, ko a tsallake shi da rinjayen kashi biyu cikin uku kamar yadda aka yi wa Obasanjo a kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta a 2000. Shi kuwa ƙuduri da murya ake yanke shi: masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, a buga guduma, an gama. Shugaban hukumar da ya jefa shi cikin durowa ya kulle, ba za a ɗaure shi don haka ba.

To me ya sa jama'a ke tururuwa can? Na shafe shekaru ina ɗawainiya da fayilolin koke a ofishin wani ɗan majalisa, kuma abin da na gani shi ne ƙarfin majalisa a kira yake. Sashe na 88 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane zaure ikon binciken yadda ma'aikatu da hukumomi ke aiwatar da dokoki da kashe kuɗin da aka ware musu. Sashe na 89 ya ba su ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida, ya kawo takardu, a rantsar da shi, har a ba da takardar kamo wanda aka yi wa sammaci ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba. Mutumin da maigidanki zai yi wata uku yana zama a bencin sakatariyarsa bai gan shi ba, kwamiti zai iya zaunar da shi a kujerar da ke fuskantar tasa, a ce ya buɗe fayil ya nuna inda aka bi ƙa'ida. Kuma wannan shugaban ya san ƙarshen shekara gaban 'yan majalisar nan zai dawo ya kare kasafin hukumarsa. Wannan kunya da wannan lissafi su ne ke yin aikin. Na taɓa ganin wani darakta da aka tambaya ina rahoton kwamitin ladabtarwar da ya yanke a kori wani ma'aikaci, ya yi ta juya takardu, ya nemi a ba shi mako biyu. Kafin ranar ta zo an kira ma'aikacin an daidaita. Na kuma san wani dattijo da ya yi shekaru yana yawo da ƙudurin majalisa a jakar leda, an rubuta a mayar da shi a biya shi, har yau shiru. Duka biyun gaskiya ne, ki riƙe su tare.

Akwai kuma iyaka. Sashe na 88 ɗin ya ce wannan bincike don gyara dokoki ne da fallasa cin hanci, sakaci ko almubazzaranci, kuma kotuna sun sha tuna wa majalisa cewa shari'a ba aikinta ba ne. Amfanin sanin wannan a gare ku shi ne wajen tsara magana. Koken da ya tsaya kan cewa an zalunce ni ina da iyali, tausayi kawai zai samu. Wanda ya nuna cewa hukuma ta karya ƙa'idar da doka ta ɗora mata, ya shiga hurumin majalisa kai tsaye.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato mako shidan nan. Akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ce wanda zai kai jami'i ko hukuma ƙara kan abin da suka yi a bakin aiki, ya shigar cikin wata uku. Ko wannan wa'adi ya shafi rigimar aiki, Kotun Ƙoli kanta ta yanke hukunce-hukuncen da ba su tafi layi ɗaya ba, don haka mai hankali ba ya gwada sa'arsa a nan. Ƙari a kan haka, dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu, sau da yawa ta wata guda. Ki lissafa da kanki ki ga abin da ya rage. Kai koke majalisa ba ya tsayar da wannan agogo ko da na kwana ɗaya. Na ga mutanen da suka yi wata takwas suna safa da marwa tsakanin gida da majalisa, da suka gaji suka nufi kotu, lauyan hukuma ya miƙe ya ce lokaci ya wuce, maganar ta mutu ba a ma taɓa gundarinta ba. Saboda haka kafin ku rubuta wa kowane ɗan majalisa komai, cikin makon nan maigida ya zauna da lauyan da ya san shari'ar aiki, ko da shawara kawai zai biya. Kotun da ke da hurumi ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C ya keɓe wa rigingimun aiki, kuma tana zama a nan Abuja. Idan aikin maigida irin wanda doka ko ƙa'idojin aikin gwamnati suka tsara yadda ake kora ne, aka kuma tsallake matakan, kotu tana iya soke korar ta ce a mayar da shi da albashinsa na baya. Wannan umarni shi ne na dole.

Sai dai taura biyu ba ta taunuwa. Dokokin zaurukan biyu sun hana su taɓa maganar da ke gaban kotu. Ranar da lauyan hukuma ya ɗaga takardar shaidar cewa an shigar da ƙara, kwamiti zai rufe fayil ya ce ku je ku ƙarasa can. Zaɓi ne ke gabanku, kuma ra'ayina shi ne: idan takardunku sun nuna ƙarara ba a ba shi damar kare kansa ba, kada ku yarda wa'adin kotu ya kuɓuce saboda jiran majalisa. Majalisa ta fi amfani ga wanda ƙofar kotu ta riga ta rufe masa, ko wanda ba shi da ƙarfin shari'a, ko wanda hukuma ba ta musa haƙƙinsa ba, jan ƙafa kawai take yi, kamar masu bin garatuti da ariyas. Abin da wasu ke yi, kuma yana da hikima, shi ne su aika wa hukumar sanarwar kotu su kuma miƙa koken a lokaci guda, su ga ko za a motsa kafin ranar da lauya ya ja musu layi.

Idan kun yanke za ku bi ta majalisar, ga yadda hanyar take. Ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya tare ku a bakin ƙofa ko a waya ya ce a kawo kuɗin shigar da fayil, ɗan damfara ne, kuma suna nan da yawa, wasu har da katin shaida a wuya. Kuɗin da za ku kashe na buga takardu ne da na mota.

Talaka ba ya shiga zaure ya karanta kokensa da bakinsa, sai ta hannun ɗan majalisa. A jiha, mutum yana da majalisar dokokin jiharsa, wadda sashe na 128 da 129 suka ba irin wannan iko kan hukumomin jiha. Abuja ba ta da majalisar jiha, Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka, kuma ko ba haka ba hukumar da ta kori maigida ta tarayya ce, don haka can ɗin ne dai. Cikin sanatoci 109 Abuja ɗaya take da shi, cikin wakilai 360 kuwa biyu: na mazaɓar birni da Bwari, da na Abaji, Gwagwalada, Kuje da Kwali, wanda shi ne naku. Al'ada ita ce mutum ya bi ta wakilin mazaɓarsa, amma da yawa daga mazauna Abuja ta ɗan majalisar garinsu na asali suke bi, kuma ana karɓa. Ni abin da nake dubawa shi ne wane ne zai ɗauki maganar da muhimmanci. Ɗan majalisar da zai ajiye takarda a zaure ya manta da ita, gara ƙaramin da ba a san sunansa ba amma hadiminsa zai riƙa leƙa sakatariyar kwamiti. Ku zaɓi zaure ɗaya. Kai magana guda zaure biyu yana jawo kowanne ya ce ɗayan ya riga ya fara.

Takardar kanta ta zama gajera, shafi biyu sun isa. A rubuta ta zuwa ga Shugaban Majalisar Dattawa ko Kakakin Majalisar Wakilai, ta hannun ɗan majalisar da zai gabatar. Ta faɗi ko shi wane ne, yaushe aka ɗauke shi, matakinsa, ranar tuhuma, ranar amsa, ranar kora, da matakin da aka tsallake. A ƙarshe ta faɗi abin da ake roƙo a fili: a soke korar, a mayar da shi, a biya albashin watannin da aka riƙe. Koken da ba shi da roƙo bayyananne, kwamiti ba ya sanin abin da zai rubuta a rahoto. A guji zagi, a guji kiran wani ɓarawo ba hujja, don dokokin majalisa sun ce lafazi ya zama na ladabi, kuma an sha mayar da takarda saboda wannan kaɗai. Maigida ne zai sa hannu da kansa, da adireshi da lambar waya mai aiki, ba ke ba, tunda shi abin ya shafa. Da Turanci za a miƙa. Sashe na 55 ya ce majalisa za ta iya gudanar da aikinta da Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace, amma fiye da shekara ashirin ana jiran wannan tanadi. Ku zauna ku tsara maganar da Hausa yadda ta faru, sannan wanda ya iya ya juya ta.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Idan maigida ya taɓa samun gargaɗi a baya, ko akwai wani abu a amsar da ya bayar wanda bai yi masa daɗi ba, ku faɗa wa ɗan majalisar tun farko. Hukuma za ta zo da fayil ɗinsa gaba ɗaya, kuma babu abin da ke kashe koke kamar a ji sabon labari daga bakin abokin gaba.

Kada ki raina waɗannan ƙananan ƙa'idoji, don manya ma sun yi tuntuɓe da su. A Maris 2025 kwamitin Majalisar Dattawa ya yi watsi da koken farko da Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta gabatar, yana kafa hujja da doka ta 40 ta zauren, wadda ta hana sanata gabatar da koken da shi ya sa wa hannu, da kuma cewa maganar tana kotu. A Maris 2021 kuma, Mataimakin Kakaki Ahmed Idris Wase, ɗan Filato, yana jagorantar zama ya ƙi karɓar koken wata ƙungiyar 'yan Tibi mazauna Amurka da Mark Gbillah na Binuwai ya kawo. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya Kakaki Femi Gbajabiamila ya karɓa. Kowa da yadda yake kallon siyasar da ke bayan waɗannan, ni dai abin da nake nuna miki shi ne takarda tana iya tsayawa a bakin ƙofa kafin a karanta layi ɗaya na abin da ke cikinta.

Majalisa tana zaman zaure ranakun Talata, Laraba da Alhamis. Lokacin koke yana zuwa da wuri, bayan addu'a da amincewa da bayanan zaman baya da sanarwa. Ɗan majalisa zai miƙe ya faɗi daga wa koken ya fito, a kan wa, da abin da ake nema, ya nemi izinin ajiye shi. Ba a muhawara. Mai jagorantar zama zai tura shi kwamiti: a Majalisar Wakilai kwamitin koke-koken jama'a, a ta Dattawa kwamitin da ya haɗa ɗa'a da koke-koke. Duka abin bai fi minti biyu ba, kuma mutane da yawa a nan suke yaudarar kansu. Sun ga an ambaci sunansu a talabijin, sai su koma gida suna jiran kira.

Ainihin aikin a sakatariyar kwamiti yake, wurin akawun kwamiti da ma'aikatansa. Su ne ke buɗe fayil, su rubuta wa hukuma ta kawo martani, su sa rana. Fayiloli a wurinsu tuli ne, na ƙasa baki ɗaya: korarrun 'yan sanda da sojoji, 'yan fansho, 'yan kwangilar da ba a biya ba, al'ummomin da ke rigima da kamfanonin mai, waɗanda aka rushe wa gini. Wanda ake gani shi ake tunawa da shi. Zuwa da kai ya fi saƙo, amma da ladabi, ba kullum ba, kuma ba da ambulan ba. Ku tambaye su kofi nawa suke so na takardun shaida, don kowane ɗan kwamiti ana ba shi nasa. Takardar ɗauka aiki, ta tabbatarwa, na ƙarin girma, tuhumar da amsarta mai hatimin karɓa, takardar kora, da duk wasiƙar ɗaukaka ƙara da ya rubuta. Na asali ya zauna a hannunku, kada ku bar wa kowa. Idan bai riga ya rubuta wa hukumar gudanarwar ma'aikatarsu ko ma'aikatar da ke kula da su yana neman a sake duba korar ba, ya rubuta yanzu, don tambayar farko da za a yi masa ke nan. Idan akwai takardar da hukumar ta riƙe, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba shi damar nema a rubuce, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa. Ko sun yi shiru, kofin wasiƙar mai hatimi hujja ce.

Ranar sauraro ɗaki ɗaya ake tara kowa, ana kiran ƙararraki bi da bi. Lauya ba dole ba ne, amma an yarda a zo da shi. Za a ba maigida 'yan mintuna. Ya faɗi ranaku da takardu, ya bar tarihin gabar da ke tsakaninsa da ogansa sai in an tambaya. Ku shirya wa ɗagewa, don hukumomi sun ƙware wajen aiko da wasiƙar uzuri ko ƙaramin jami'in da zai ce ba shi da ikon magana. Kwamiti zai yi faɗa, ya yi barazanar sa a kamo shugaban, a sa wata rana. Barazanar ta fi kamun yawa nesa ba kusa ba. Amma ku kada ku yi fashi ko sau ɗaya, domin hukuma idan ba ta zo ba ɗagewa ake yi, mai koke idan ya yi ta rashin zuwa sai a kori koken.

Bayan an saurari kowa, kwamiti zai rubuta rahoto ya kai zaure, sai an sa shi a jadawali an amince da shawarwarinsa sannan ya zama ƙuduri, Akawun Majalisa ya aika wa hukumar. A wannan gaɓa ma fayil yana iya kwana, musamman idan ya ci karo da dogon hutun da ake tafiya daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ko lokacin kasafi, ko kakar zaɓen fid da gwani da zaure ke zama fayau. Majalisa ta goma da aka rantsar ranar 13 ga Yuni 2023 wa'adinta zai cika a Yunin 2027, kuma abin da ba a kammala ba kafin nan sai an sake tayar da shi a sabuwa. Idan ƙuduri ya fito hukuma ta yi kunnen uwar shegu, akwai kwamitin da ke bibiyar ko an bi ƙudurorin majalisa, a rubuta masa da kofin ƙudurin.

Akwai wata ƙofa da maƙwabtan ba su ambata miki ba, kuma ta fi sauƙin shiga: Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975 zamanin Murtala. Hedikwatarta tana Maitama, tana da ofis a kowace jiha, ba ta karɓar kuɗi, ba a kuma bukatar ɗan majalisa. Aikinta ke nan, binciken zaluncin ofis irin wannan. Ita ma shawara take bayarwa, ita ma ba ta taɓa abin da ke kotu ko gaban majalisa, kuma tana son a kawo ƙorafi cikin wata goma sha biyu. Ga mai ƙaramin ƙarfi, sau da yawa ita nake fara nuna masa.

In Allah ya sa an kai ga ranar sauraro, ku fito Gwagwalada da sassafe saboda cunkoson hanyar filin jirgi. Ku riƙe takardar gayyatar kwamiti da katin shaida, don ba za a bar ku ku wuce ƙofa ba sai da su, kuma tantancewar tana cin lokaci. Ku tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa, zaman da aka sa ƙarfe goma yana iya kaiwa bayan azahar ba a kira ku ba. Idan maigida ya fi sakewa da Hausa, ya faɗa wa akawun kwamiti tun kafin ranar, ko ya zo da wanda zai yi masa tafinta.